Majazubin Ɗakin Ƙasa

Sau huɗu na yi ƙaura tun da muka bar Hyattsville, kuma kowace ƙaura sai na zubar da tarkace, amma akwai faifan CD ɗaya da bai taɓa kusantar kwandon shara ba. Ba shi da kwali na kirki. Farar takarda ce aka ninke, a jikinta hoton tafin hannun mutum da aka ɗora a kan injin kwafi, sai lambobi daga ɗaya zuwa tara da biro, babu sunan waƙa ko ɗaya. Mai shi maƙwabcinmu ne, wani tsoho da ke zaune a ɗakin da ke ƙarƙashin namu. Faifai biyu ya taɓa ba ni. Na farkon na shekara ina ɗora kofin shayi a kai. Wannan shi ne na biyu.

A lokacin ina aikin fassara a sashen Hausa na wani gidan rediyo a kudu maso yammacin Washington. In shiga jirgin ƙasa na Green Line da sassafe, in dawo bayan azahar da ciwon kai. Zamanin katin waya ne, wanda ake saya a shagon 'yan Afirka tare da manja da busasshen kifi, a kankare bayansa da makulli, a kira Kano ana ihu kamar muryar ce za ta tsallaka teku da ƙafarta. A wurin aiki an san ni da tsanani. In mutum ya ce kaza, kaza zan fassara, ba na ƙara gishiri ba na rage ruwa, kuma na sha yin faɗa da abokan aiki a kan kalma ɗaya. Ina alfahari da wannan hali nawa, har ya yi yawa.

Maƙwabcin nan baƙar fata ne ɗan Amurka, dogo, siriri, ya yi ritaya daga aikin rarraba wasiƙu. Kullum da misalin la'asar sai ya ɗauko jitarsa. Jitar kuwa tsirkiya ɗaya gare ta, sauran biyar ɗin babu su. Ya taɓa ta sau ɗaya, ya jira har sautin ya mutu, ya buga ƙafa a ƙasa, ya sake taɓawa. Sai murya ta biyo baya, mai kauri, tana jan magana kamar ba ta son ta ƙare, kuma kowace jimla a kalma ɗaya take tsayawa: huu. Haka zai yi ta yi, awa guda, wani lokaci biyu. Shi yake naɗar abinsa a banɗaki da wata ƙaramar na'ura, ya buga a faifai, ya riƙa ajiyewa a kan bencin tashar jirgi da wurin wankin kaya, ko wani zai ɗauka. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauka ba.

Ni dai a kunnena ba kiɗa ba ne, ƙofa ce da ta rasa mai. Wata rana na sauka a fusace na ƙwanƙwasa masa, na ce ni ma'aikaciya ce, da rana nake rama barcina. Ya saurare ni har na gama, ya ba ni haƙuri, sannan ya miƙo mini faifai ya ce wataƙila in na ji shi daga farko zan fi gane inda ya dosa. Washegari da la'asar ya ci gaba da abinsa. Abin da ya canza kawai, ya shimfiɗa tawul a inda yake buga ƙafa.

A shekara ta biyu da zamanmu a gidan aka gano Baba yana da ciwon daji. Da ƙyar muka shawo kansa ya zo daga Kano. Likitoci suka ce sai an yi sati takwas ana ƙona ciwon da wata na'ura mai haske, kwana biyar a kowane sati, kuma in aka fara ba a so a tsaya a tsakiya. Baba ya sa wa abin suna gashi. Maigidana yake kai shi da safe kafin ya wuce aiki, ya dawo da shi, ya bar shi shi kaɗai a falo har in dawo.

Mahaifina mutum ne na jama'a. A Kano ƙofar gidansa ba ta rabuwa da tabarma, kuma ɗan ɗarika ne tun yana saurayi, daga cikin masu zikiri da bandiri. Sai ga shi a hawa na biyu, tsakanin bango huɗu, ba kiran salla, ba mai yi masa sallama. Jikokinsa suna jin Hausa amma da Turanci suke mayarwa, su gaishe shi a tsaye su wuce ɗaki. Ya daina cin abinci sai shayi. Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, ke kawai yake cewa, amma a makonnin nan ko ke ɗin ma sai ta yini ba ta fito ba.

A sati na uku ya ce in sauko masa da akwatinsa daga saman kwaba.

"Baba, saura sati biyar fa."

"Na ƙirga. A mayar da ni gida. In mutuwa ce, ta same ni inda za a samu masu yi mini salla."

Na yi roƙo, na yi kuka, na kira ƙannensa a waya har katin ya ƙare. Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen mako. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, domin na san halinsa, in ya faɗa ya faɗa, kuma na san abin da likita ya gaya mini a kan tsayawa a tsakiya.

Ranar Alhamis na dawo daga aiki a makare, na tarar da shi ya sauko daga kujera, yana zaune a kan kafet, tafin hannunsa ɗaya a ƙasa, ɗayan riƙe da carbi. Kiɗan maƙwabci yana tasowa ta ƙarƙashinsa. Da yake Baba a ɗaki yake kwanciya da la'asar, ban zaci ya taɓa kula da abin ba. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri a kan hayaniyar, ya ɗaga mini hannu.

"Ke, ashe akwai ɗan'uwa a gidan nan ba ki gaya mini ba?"

"Wane ɗan'uwa, Baba?"

"Saurara mana. Hu yake ja."

Saura kaɗan in yi dariya. A zikirinsu, ana farawa da kalmar shahada, a yi ta maimaitawa ana rangaji, sannan a rage a koma Allah, Allah, sannan a ƙara ragewa har ba abin da ya saura sai Hu a cikin numfashi, wato Shi, Ubangiji. Wannan Baba ya ji. Ni kuwa na san abin da tsohon yake faɗa. Da Turanci, in za ka tambayi wane ne, haka ake furtawa, huu. Tambaya yake yi, ba zikiri ba.

Ban gyara masa ba. Fuskarsa na kalla, na ga wani haske da ban gani ba tun da na tarye shi a filin jirgi. Da magariba ya ce ko akwai sauran tuwo, na tuƙa sabo, ya ci malmala ɗaya da rabi da miyar kuka. Bai sake zancen akwati ba. Ni da ke faɗa da mutane a kan kalma ɗaya, na haɗiye tawa na kora da ruwa.

Washegari ya sa babbar riga da hula ya ce in raka shi ƙasa, ba a zama da maƙwabci ba a gaisa ba. Tsohon ya buɗe ƙofa, ya gan ni, na ga ya shirya wa wani sabon faɗa. Sai ya ga Baba ya miƙa masa hannu biyu. Ɗakin babu komai sai kujeru biyu, katifa, da kwalayen faifan da ba wanda ya ɗauka. Suka zauna, ni na tsaya a tsakani, aikin da na iya.

Baba ya ce, "Tambaye shi, a hannun wa ya karɓa?"

Yana nufin wane shehi ne ya ba shi wuridi. Ni kuwa na ce da Turanci, mahaifina yana tambaya wa ya koya maka kiɗa.

Tsohon ya ce ba kowa. Ya ce a da yana kaɗa jita mai tsirkiya shida kamar kowa, a bukukuwa da wuraren shaƙatawa. Da matarsa ta rasu sai ya ji sautin ya yi masa yawa, ya cire tsirkiya ɗaya. Bayan wata biyu ya cire wata. Haka ya yi ta cirewa har ya kai ga wadda zai iya jurewa.

Na juya na ce wa Baba, wai tsohon ya ce ba wanda ya ba shi, bayan rasuwar iyalinsa abin ya zo masa, ya yi ta ragewa har saura ɗaya. Zancen wuraren shaƙatawa na bar shi a cikina.

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ake yi, ragewa ake yi. Wannan majazubi ne."

Majazubi shi ne wanda Allah ya fizgo zuwa gare Shi ba ta hannun malami ba, mutane su riƙa ganin kamar da taɓin hankali. Tsohon ya tambaye ni me Baba ya ce. Na ce ya ce kana da baiwa. Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce shekara goma sha wani abu yana wannan kiɗa, yau ne wani ya fara faɗin haka, kuma sai da aka taso daga wata nahiya.

Daga ranar, kullum in Baba ya idar da sallar la'asar sai ya ɗauki buzunsa ya sauka. Ba ya nemana. Kwana biyu na bi shi, a na uku ya ce in zauna in huta, su sun san yadda suke yi. Ta ƙarƙashin ƙafata nake jin su. Tsirkiya ta yi ƙara, ƙafa ta buga, muryar tsohon ta ja ta tsaya a huu, sai in ji wata murya ta karɓa daga ƙirji, gajeriya, mai iska: Hu. Mutumin da ya hana mu kunna waƙa a gidansa muna yara, shi ne zaune gaban jita. Yakan hawo da zufa a goshi ya ce a ba shi abinci. Wata rana ya sa na zuba tuwo a kwano ya sauka da shi, ya dawo yana ba ni labari majazubi ya ci da cokali, Allah Ya shirye shi.

Ina son kwanakin nan har yanzu. Bazara ce, ana barin taga a buɗe, ƙamshin daddawa yana fita har wurin ajiye motoci, 'yar Ghana ta ɗakin gefe ta leƙo ta ce yau ma an ɗora. Sati na huɗu ya wuce, na biyar ya wuce, ina soke kwanaki a kalandar kicin.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar Lahadi a ƙarshen sati na shida, wani abokin maigidana ya zo duba Baba. Injiniya ne, mutumin kirki, sai dai irin mutanen nan ne da ko a bayan liman suka yi salla sai sun samu abin gyarawa. Ana cikin hira kiɗa ya taso. Baba ya yi murmushi ya ce ga ɗan'uwansa can ya fara zikiri. Injiniya ya kasa kunne, ya yamutsa fuska.

"Zikiri kuma, Baba? Ai wannan blues ne, kiɗan baƙaƙen Amurka, a mashaya ma aka fi yin sa. Turanci yake yi. Cewa yake, wa? wa? Tambaya ce kawai."

Da ina da iko da na tura masa kofin shayin a baki. Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Ya jira har baƙo ya tafi, maigidana ya fita raka shi, sannan ya dube ni.

"Kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Tun ranar farko?"

Na sunkuyar da kai.

"Kika tsaya tsakanin dattawa biyu kina yi musu wasa da hankali."

Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya shiga ɗaki ya rufe. Ranar Litinin ya je gashi, amma bai sauka ƙasa ba, bai ci tuwo ba. Talata ma haka. Da na dawo aiki ranar Laraba na tarar ya sauko da akwatin da kansa, mutumin da aka hana ɗaga abu mai nauyi, ya buɗe shi a kan gado. Saura kwana bakwai a gama. Na shiga kicin na tsaya gaban kalandar, haushin injiniya ya sake ni, na koma jin haushin kaina. Na yi ƙarya don in riƙe shi, ga ƙaryar za ta kore shi.

Da la'asar tsirkiyar ta yi ƙara a ƙasa. Tsohon yana kaiwa huu sai ya dakata, ya daɗe, ya fi yadda ya saba. Jira yake a karɓa masa. Ba wanda ya karɓa, ya ci gaba.

Sai na ji Baba daga ɗaki. "Ke."

Na je.

"Kin ce ya taɓa ba ki faifai. Ɗauko. Ki zauna ki fassara mini abin da yake faɗa, tun daga farko. In kika ƙara ko kika rage, Allah yana gani."

Na goge zoben shayin da ke jikin faifan da gefen zanina, na sa a rediyo. Rabona da in ji tsoron fassara tun ranar da na fara aiki. Kuma ranar ce na fara sauraron abin da mutumin nan yake cewa, bayan shekara biyu ina jin sa. Waƙa tara ne, kusan duk sauti ɗaya, kowace ba ta wuce jimla uku ko huɗu ba. Ina tsayar da faifan ina faɗa. Wa ya kunna fitila a gidan nan kafin in shigo, wa? In na yi barci, wa ke ci gaba da numfashi, wa? Na duba madubi wani ya dube ni, na san fuskar, ban san mai leƙowa ba, wa? Ranar da aka rushe ɗaki, iskar da ke ciki ta wa ce? A ta bakwai ya ce ta tafi ta bar takalmanta a bakin ƙofa, wa ya kira ta da ba ta tsaya ta saka ba. A nan muryata ta karye, domin mahaifiyarmu ma haka takalmanta suka yi wata uku a bakin ɗaki ba wanda ya iya ɗaukewa. Baba ya ce in ci gaba. Na kuma gaya masa abin da na ɓoye, zancen wuraren shaƙatawa, da yadda na juya tambayarsa ta wuridi.

Faifan ya ƙare. Baba ya daɗe yana jan carbi.

"Shi ke nan abin da yake cewa?"

"Shi ke nan, Baba."

"To me ya sa kika ɓoye? Wannan ai ya fi abin da kika gaya mini." Ya ajiye carbin. "Bawan Allah yana tambaya wa, wa, shekara da shekaru ba wanda ya tanka masa. Ni kuma na zo ina ce masa Shi. Sati uku muna magana da mutumin nan, yana tambaya ina ba shi amsa. Ke da injiniyanku da kuke jin Turanci, ku ne ba ku ji ba."

Na ce to ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma in daina raina hankalin tsofaffi, kuma in miƙo masa hularsa, an bar mutum yana jira kwana uku. Akwatin ya kwana a buɗe, washegari na mayar da shi saman kwaba bai hana ni ba.

Ya gama gashinsa cif. Ana jibi zai tafi, tsohon ya hawo da kansa, karo na farko da ya taka ɗakinmu, ya miƙa mana faifai biyu iri ɗaya, ɗaya na Baba ɗaya nawa. Ya ce sabo ne, a falonsa ya naɗa maimakon banɗaki, don baƙonsa ya ƙi shiga banɗaki da carbi. A ranar na gaya masa gaskiyar abin da Hu take nufi, kalma da kalma. Ya zauna a hannun kujera. Can ya ce shi bai tabbata ya yarda da amsar ba. Na fassara wa Baba yadda ya faɗa, ban taɓa ko harafi ba. Baba ya yi dariya ya ce a gaya masa ba komai, ya ci gaba da tambaya, mai tambaya ba ya ɓata.

Baba ya ƙara shekara huɗu a Kano, a kan tabarmarsa, kuma ya samu masu yi masa salla fiye da yadda ya roƙa. In na kira shi, kafin ya tambayi jikoki sai ya ce ya majazubi. Mu muka fara tashi daga gidan, aka shiga zamanin da ba a sayen katin waya, shagon ma ya koma wurin gyaran farce. Da na koma bayan rasuwar Baba don in gaya wa tsohon, wasu na tarar a ɗakin, matasa, ba su san wanda nake nufi ba. Na tambayi 'yar Ghana, ta ce 'yarsa ta zo ta tafi da shi wata jiha can kudu, kwalayen faifan kuma an fitar da su bakin bola.

Na yi shekara ashirin a gidan rediyo. Na naɗi muryar ministoci, da 'yan kasuwa, da manoman da ban taɓa gani ba, wasu har yanzu suna cikin kwamfutata. Ban taɓa tunanin in ajiye na'ura gaban mahaifina ba, kullum gani nake akwai gobe. Sai bayan an yi sadakar bakwai na binciko waya da kaset da duk abin da na mallaka, na tarar ba ni da muryarsa ko ta gaisuwa. Wanda ya naɗa mini ita shi ne mutumin da na sauka na yi wa faɗa a kan hayaniya.

Motata ta yanzu ba ta da wurin sa faifai, don haka na ajiye tsohuwar rediyon kicin saboda shi. Nakan kunna da la'asar in gida ba kowa. Tsirkiya ta yi ƙara, ƙafa ta buga a kan tawul, tsohon ya ja tambayarsa ya tsaya. Sai Baba ya ja numfashi, ina jin shigar iskar a ƙirjinsa, ya ce Hu. Kalmar ke nan da ya bar mini, kuma ba ta bukatar in fassara.